Babur Ɗin Silvanus Ya Je Inugu Ya Dawo

Kazaure,
9 ga Afrilu, 1971.

Zuwa ga Yayana Hussaini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a Ikko, kai da iyali. Mu nan kowa ƙalau. Ciwon bayan Inna ya yi sauƙi, Fatu kuma ta sauka lafiya a Roni, an samu mace.

Na ga inda ka ce a karɓe babur daga hannun Baba a sayar. Yaya, ka yi haƙuri ka ji yadda abin ya kasance tukuna. Ka tuna Silvanus makaniki, maƙwabcinmu, wanda ya bar wa Baba ajiyar babur ɗinsa shekarar da aka yi rikici suka koma garinsu. Fiye da shekara huɗu Baba na goge shi, yana tayar da shi duk Juma'a don kada injin ya lalace. Da yaƙi ya ƙare ya aika takarda har uku, shiru. Sai ya ce zai kai amanar da kansa. Kawu ya ce a sa a jirgin ƙasa, Baba ya ce wa zai karɓa a can? Inna ta yi ta kuka, wai mai shekara sittin da uku ba ya irin wannan kasada. Bai yi musu da kowa ba, ya ɗaure tabarma da buta da galan na mai, ya kama hanya.

Kwana shida ya yi, ta Kano da Jos da Makurɗi, yana sauka a masallatai. Bayan ya wuce garin Lafiya ya faɗi cikin yashi ya kuje gwiwa. A Inugu ya yi ta bin gareji yana tambaya, har aka kwatanta masa ƙauyensu. Ya ce tun daga nesa Silvanus ya gane kukan injinsa, ya fito yana dogara sanda, domin an yanke masa ƙafar dama lokacin yaƙi. Matarsa Martina ta zauna a ƙasa don mamaki. Silvanus ya roƙi Baba ya goya shi, suka zaga ƙauyen sau biyu. Da suka sauka sai ya ce, "Malam Haladu, ni da tuƙi har abada. Ka riƙe shi, amma ka riƙa kawo mini shi ina duba maka injin."

Yaya, tun da Baba ya yi ritaya ban gan shi da walwala haka ba. Yana cin abinci sosai, yau yana Babura, gobe yana Gwiwa, wai kada jikinsa ya manta hanya, don ya yi alkawarin komawa bayan kaka. Ni ma ina jin tsoro duk sa'ad da ya fita, amma ba zan iya raba shi da abin nan ba. In kana son ka taimaka, ka aiko masa da hular kwano mai ƙarfi. Ka gwada ta a kanka, in ta shige ka za ta shige shi.

Inna na gaishe ka, haka Kawu da Dela. Ka gaida mini Amarya da Muhammadu Lawal. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Aishatu