Sarewar Kaset ɗin Alkasum

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Iyalin marigayi Alkasum sun aiko min da kaset. Wai tun yana kwance ya ce a ba Kamalu mai injin niƙa na Malbaza. Allah sarki, maigida! Duk tsawon shekarun da na yi ina yaron motarshi, mu kai albasa Kwatano mu juyo da shinkafa, kaset ɗin nan bai taɓa fita daga motar ba. Wani makanike ɗan Gana ya ba shi a bakin teku.

Na juya shi, na sake juyawa. Ba ni da abin sa shi. Wa ke da rediyon kaset yanzu?

Laraba, 7 ga Mayu

Na shiga Ƙonni kasuwa, na kai ma Usama mai tura waƙoƙi a waya. Ya yi dariya, ya ce wanga kaset ya girmi shagonshi. Amma ya tono wata tsohuwar rediyo, ya juye min shi cikin memori. Wai sunan kiɗin diram an bes, irin wanda anka gauraya da jaz. Mu dai kiɗin maigida muke ce mishi.

Duk hanya cikin taksi ina tuna shi. Ganga tana gudu kamar an biyo ta, ƙarƙashinta wani gurnani mai nauyi yana jan ƙafa a hankali, can sama kuma sarewa, ba ruwanta da gaggawar kowa. In ta shigo sai Alkasum ya buga sitiyari: "Ji Bafillatanin nan, Kamalu! Shanu sun watse cikin birni, shi ko busarshi yake." Da gangar yake tuƙi, amma don sarewar yake maido kaset baya da biro. Wajen Parakou in rana ta ɗaga, tagogi buɗe, warin albasa, gyaɗa cikin hula. Wallahi ban ƙara jin daɗin duniya irin na lokacin ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Usama ya cuce ni. Ganga na nan, gurnani na nan, sarewa babu.

Lahadi, 11 ga Mayu

Rigima a wurin aiki. Wata ta kawo masara, wai ta ce tsaki, ni ko na niƙe mata gari lilis. Ta rantse sau biyu ta faɗa. Matan nan ba su buɗe baki in suna magana, sai mutsu-mutsu, kuma inji na ruri. Na biya ta da masarar gida, matata Balki ta hau ni da faɗa. Ita ma kwanan nan komi sai ta ce na cika ihu.

Laraba, 14 ga Mayu

Na koma ma Usama da zafina. Na ce mishi ya yanke min rabin kiɗi. Ya sa a babbar lasifikar shago, ya saurara, ya dube ni wani iri. "Baba Kamalu, ai komi na nan." Na ce in bai iya aikin ba ya faɗa, ba kunya ba ce. Ya sake juyewa daga farko. Yaran zamani, sun san danna waya, ba su san kiɗi ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Bayan la'asar na kunna a tsakar gida. Balki na tsince wake. Ba ta taɓa jin kaset ɗin nan ba, na bar mota kafin aurenmu. Sai na ga kanta na kaɗawa, bakinta na motsi. Na matsa kusa.

Sarewar take bi. Da muryarta, ƙasa-ƙasa, hawa da saukar nan da na sani kamar sunana, har inda take tsayawa ta ja numfashi.

Na ce ina ta ji wannan. Ta nuna wayar da haɓa: "Ga ta nan tun ɗazu tana ta kuka, maigida. Mi ya faru?"

Na ce ba komi. Na shiga ɗaki. Tsoro ya kama ni, gaskiya.

Asabar, 17 ga Mayu

Zafi. Aiki ya yi yawa. Kunnen hagu na ta ƙugi.

Talata, 27 ga Mayu

Asibiti a Ƙonni, Balki ta matsa. Sun sa min abin ji a kunne, sunka ce in na ji ƙara in ɗaga hannu. Na zauna, hannu bisa cinya, ina jiran su fara. Ashe sun daɗe da farawa.

Likita ya tambayi sana'ata. Da na faɗa sai ya aje biro. Ya ce siraran sauti su ke fara tafiya, muryar yara da ta mata ta biyo baya. Abin da ya tafi ya tafi. Wanda ya rage, in ina son shi, in nisanci inji, auduga a kunne ba ta isa ba yanzu.

To mu ci mi? Injin nan shi ya gina ɗakunan gidan nan, shi ke kai yara lakwal karatun boko.

Na biya ta ƙofar shagon Usama, ban shiga ba.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na ɗora wayar bisa ƙirji na kwanta. Gangar tana nan da ƙarfinta, gurnanin har cikin haƙarƙari. Ashe akwai abubuwa da yawa ƙasa da ban taɓa kula ba: wata garaya mai kauri tana hawa tana sauka, mai gangar yana ɓata ƙafa da gangan, sai ka ce ya faɗi, ya dawo daidai. Da can sarewa ta rufe min su. Inda ya kamata ta shigo, fili kawai. Ina cika shi da kaina, amma yau na yi shakkar wani wuri, sama take yi ko ƙasa? Ba wanda zan tambaya. Maigida ya tafi.

Raihanatu, autarmu, ta zo ta faɗa min wani abu a kunne tana dariya. Na yi dariya ni ma. Ban san mi ta ce ba.

Talata, 3 ga Yuni

Salla ta matso, tun da safe kwanoni sun yi layi har bakin titi. Na buɗe rumfa, na share, na duba bel. Na kama hannun tayar da inji, na daɗe riƙe da shi.

Na fito na ce musu man gazuwal ya ƙare, su kai injin Muttaƙa a bayan tasha. Sun yi ta mita, sunka kwashe.

Ba wai na bari ba ne. Yau dai kawai.

Jarka biyu na nan cike da gazuwal bayan ƙofa. Balki ta gan su da ta kawo min fura. Ta zauna kusa da ni, ta dama.