Tulun Khal na Ƙarƙashin Bene

Balad, Asabar

Maigidana Abdulwahid,

Gaisuwa mai yawa, kai da kishiyata Wafa', da fatan tumbinka bai hana ka ganin takalminka ba tukuna. Na rubuto ne don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Mai gidan nan ya ce magana ta ƙare, ƙarshen wata za a fara gyara, kowa ya fita. Ni mai sauƙi ce, kun ce in zo wurinku a unguwar Safa. Tulun khal ɗina fa, ruwan tsamin nan da muke zubawa a salak? Ka san shi, yana ɗakin ƙarƙashin bene, inda kake ƙin shiga kana yaro. Uwar da ke ciki, abin nan mai santsi da ke mai da ruwan inabi tsami, ta girmi ubanka. Surukata Inna Nafissa ce ta kafa ta, ni kuma duk kakar inabin Ɗa'ifa nake ciyar da ita. Ba ta taɓa mutuwa ba, kuma ba a hannuna za ta fara ba. Ka nema mata wuri.

Wani abu kuma, kada ka yi dariya. Tun da maganar tashi ta zo, in na sauka da hantsi sai in tarar an sake ɗaure ƙyallen bakin tulun. Ƙulli biyu, ta hagu. Ni ɗaya nake yi. Inna bahaguwa ce, kuma shekararta talatin da ɗaya a kabari.

Matarka ta fari,
Zakiya

Safa, Litinin

Sitti,

Ina gaishe ki da girmamawa, kakata. Kada ki damu, na samo wuri. Wani Bature injiniya zai koma ƙasarsu, na sayi tallajarsa, wato firiji, ta musamman: ƙofar gilashi, fitila, katakai da ake kwantar da kwalabe, sanyi daidai kullum. Zan zo in ɗebi kaɗan mu gwada. Ƙullin kuma ke kika yi, kika manta.

Jikanki,
Abdulwahid

Balad, Lahadi

Mai ilimi,

Ina gaisuwa. Ranar Juma'a na yi shiru ne saboda surukanka suna zaune, suna ta yabon akwatinka. Yanzu buɗe kunne.

Ka san abin da Baturen ke kwantarwa a ciki? Giya. Don ita aka ƙera shi. Kai kuma, da digirinka, ka yanka guntun uwar da na ba ka, ka cika kwalabe da sabon ruwan inabi, ka toshe, ka kwantar mako biyu. Khal numfashi take yi, ɗan nan. Tana son duhu da ɗumi da ƙyalle a baki. In ka hana ta iska, abin da ke ciki sai ya tsaya a rabin hanya, rabin hanyar nan kuwa ita ce haram. Na sunsuna guda ɗaya kana raka baƙi. Ka tuttular a makwarara yau, kafin surukinka ya ce a zuba masa a salak.

Guntun uwar ya yi baƙi, ya nutse. Na gani.

Da na dawo gida na sauka ƙasa. Ba a ɗaure ƙyallen ba. An cire shi, an ninke shi huɗu, an ajiye a matakalar ƙarshe. Tulun a buɗe. Na zauna na ce, Inna, ki yi haƙuri, yaro ne, wauta ce ba mugunta ba. Ɗakin nan mutum ɗaya yake ci, ni kuma sai da na matsa gefe.

Kwana biyar ya rage.

Kakarka

Safa, Talata

Sitti,

Ina gaisuwa, ina neman gafara. Na zubar, tallajar kuma ta bar gidan. Akwai ɗan sito a bayan kicin, ba na'urar sanyi, da ƙaramar taga a sama. Wafa' ta kwashe kayanta daga ciki. Ki zo ki duba, in bai yi ba mu sake nema.

Ban taɓa faɗa miki abin da ya hana ni shiga ɗakin nan ba. Ina shekara shida kika aike ni ɗebo khal. Na tarar da wata tsohuwa a tsugune tana juya tulun. Ta ce in rufe ƙofa, haske ya yi yawa. Na ɗauka baƙuwarki ce, har na hau sama na ga kofin shayi ɗaya kika zuba.

Abdulwahid

Balad, Laraba

Maigida,

Na gaishe ka. Siton ya yi, ba sai na gani ba. Ka zo gobe bayan la'asar, ka kashe sanyin mota, ka bi ramuka a hankali. Tulun a cinyata zai tafi, ni a gaba.

Kayana su jira wata tafiyar. Ka bar kujerar baya ba komai, kuma in mun isa ka buɗe ƙofar ka ɗan tsaya kafin ka rufe.

Allah ya yi maka albarka,
Zakiya