Ɗinkin Gwiwar Hannuna Ya Buɗe

Baban yara,

Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Na tafi asibiti, na bar ka kana ta sharar barci.

A gabanka likita ya ce ko buta kar in ɗaga sai gwiwar hannun nan ta warke. Jiya ka kwaso abokanka cin abinci, kana ce musu ai 'yar jijiya ce ta maƙale, an gyara, har na miƙe. Ni na sauke tukunyar. Yau na tashi ɗinki ya buɗe, ƙaramin yatsana ya sake mutuwa kamar ba a yi aikin ba.

Kwanuka suna kicin yadda kuka bar su. Ka wanke. Hannayenka biyu dai ba wanda aka yanka.