Abin da Fitilar Likita Ta Nuna

Bagudo, 3 ga Rajab

Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Arzika da yara duka a Segbana.

Ƙullutun nan na nonona, likitoci sun ce ciwon daji ne. Na san abin da za ki ce. Ke kika yi wa Inna wankan gawa, kika ga gurbin nonon da aka yanke mata, kika rantse ke kam da jikinki cikakke za ki koma ga Allah. Ni ma tsoron ya kama ni sosai.

Amma likitar ta ce suna gwada wata dabara. Za a yi mini allurar wani ruwa, a haska fitila lokacin tiyata, sai naman da ciwon ya ci ya yi haske, a cire shi kaɗai. Kamar dai yadda muke ɗaga ƙwan zabi a rana mu gane baragurbi. Na amince. Ki yi mini addu'a, ko da kina jin haushina.

Ƙanwarki,
Barira

Bagudo, 20 ga Sha'aban

Yaya Sabuwa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, an yi aikin. Nonona na nan, ya ɗan motse kawai. Da suka cire ƙullutun, fitilar ta nuna ɗan saura a gefe wanda ido bai gani ba, suka kankare shi. Akwai sauran magani a gabana, ban ce miki na warke ba.

Yanzu ke. 'Yarki Rahmatu ta zo kasuwar Tsamiya, bakinta kuwa ba ya riƙe magana. Ta ce kin daina daka da hannun dama, kuma kina shafa maganin wanzami a nononki a ɓoye. Yaya, na yi kuka. Na tambayi likitar ba tare da na ambaci sunanki ba. Ta ce fitilar tana ceton nono ne in ƙullutun yana ƙarami. In ya bazu, babu abin da za a bari. Wato ɓoyon nan naki shi ne zai sa a yanke miki.

Maigidana Bunyaminu zai zo da babur ranar kasuwa. Kada ki ɗaura masa daddawa ki ce ya gaishe ni. Ki hau.

Ki gaida Malam.

Ƙanwarki,
Barira