Furar da na ba Baba kafin a shiga da shi tiyata

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kada a zage ni, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Makoda. Tun bara ciwon ƙaba ya sa Babanmu a gaba, ko fartanya ba ya iya ɗagawa, ga rayuwa yadda ta koma, sai da aka sayar da tumakinmu sannan muka kai shi asibiti a Kano, ni ce mai jinya. Likitan da ke sa barci ya ja ni gefe ya ce, "Daga dare kada ya ci komai. In maganin ya kama shi har maƙogwaronsa barci yake yi, abin da ke cikinsa sai ya taso ya faɗa huhu." Na ce to. Amma Inna ta haɗo ni da rubutu daga wurin limaminmu, ta ce lallai ya sha kafin a sa masa wuƙa, mu kuma a gidanmu a cikin fura ake shan rubutu. Da safe Baba ya dube ni ya ce, "Uwata, haka za ki bari in shiga, ba addu'a, ciki ba komai?" Wa zai iya jure wannan? Na ce a raina ayar Allah ce, ta ina za ta cutar? Na dama masa, ya shanye. Da nas ta tambaya ko ya ci wani abu, wallahi ban san sanda bakina ya ce a'a ba.

Haka aka shiga da shi tiyata, yanzu ga Baba can kwance da robar iska a hanci, numfashi sama-sama. Likitan bai tona min asiri ba, sai da muka haɗu a baranda ya ce a hankali, "Ƙanwata, gero na zuƙo daga huhunsa." Na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Yayana kuwa ya rantse likita ne ya zabga wa Baba magani fiye da kima, ya ce gobe zai zo da mota ya ɗauke shi a koma gida a yi na gargajiya. Likita ya ce in aka cire iskar nan, Baba ba zai kai gida ba. In na yi shiru, an tafi da shi ke nan. In na faɗa, Inna za ta san rubutunta ne, kuma da hannuna na ba shi.

Jama'a, motar gobe za ta zo. Me zan yi?