Rigar da Na Ɗinka wa Gola

Zuwa ga Baban Gola,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na wurin ginin gadar. Yaya ciwon bayan nan? Mu nan lafiya lau. Auta ta yi giɓi, kowa ya shigo sai ta nuna masa.

Maganar ɗanka ce ta sa na ɗauki biro. Wata biyu ke nan bai taɓa ƙwallo ba. Yaron da ko abinci sai an je fili an janyo shi! Abokansa kan tsaya a ƙofa suna kiran "Gola! Gola!", sai ya tura Auta ta ce ba ya nan. Muryarsa ta fashe, tsawo kuwa ya wuce ni, na ce to, shekara sha huɗu ce, girma ne ya zo. Amma riga biyu yake sawa a wannan zafin, kuma tafiya yake a duƙe kamar mai neman allura a ƙasa.

Jiya na kira shi in auna shi, don rigar makaranta ta yi masa kaɗan. Ina kai tef ƙirjinsa ya buge mini hannu. Ni fa, uwarsa. Ya shige ɗaki ya sa sakata. Ban yi kuka a gabansa ba, amma har yamma ban iya taka keken ɗinki ba.

Ban san abin da na yi masa ba. In ka san wani abu irin naku na maza, ka rubuto mini.

Taka har kullum,
Maman Gola

Baban Gola,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarka ta iso, na ji daɗin jin bayan ya yi sauƙi. Ka ce in ƙyale shi, taurin kan balaga ne, kai ma ka yi. Wallahi da ma shi ne.

Ina wanki na tarar da ƙyallaye dogaye a ƙasan katifarsa, ragowar yadin da nake yankewa, da ɗigon jini a jiki. Na tsare shi, na ce yau ko ya nuna mini ko in tara masa maƙwabta. Ya juya fuska bango ya ɗaga riga. Baban Gola, ƙirjin yaron nan ya kumbura gefe biyu, kamar yarinya mai ƙirgen dangi. Ɗaure shi yake yi tamau kullum safe, har fatar ta saluɓe. Wata huɗu yana ɗauke da wannan shi kaɗai, ni ina gida ɗaya da shi ina ɗinka wa mutane kaya.

Na kai shi wurin likita. Mutumin kirki ne, ya duba shi a natse, ya ce abu ne da ke samun samari da yawa a wannan shekarun, ba cuta ba ce, ba ya buƙatar magani, cikin shekara ɗaya ko biyu zai baje da kansa. Ni har na yi hamdala. A hanya na ce, "Ka ji ko? Haƙuri kawai za ka yi." Ya ce, "Mama, ke shekara biyu ba komai ba ce a wurinki. Ni gobe da safe zan shiga aji."

Abin da hannuna ya iya shi na yi: na ɗinka masa 'yar rigar ciki da yadi mai taushi, mai kama jiki, da maɓallai a gefe. Ya gwada, ya daɗe a gaban madubi, ya miƙe sosai. Har ya ce mini sannu. Ka taya mu addu'a.

Taka,
Maman Gola

Baban Gola,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya.

Mako uku rigar ta yi mana rana, har ya koma tsaron raga. Ran Laraba malamin wasanni ya raba su gida biyu, ya ce ɓangaren su Gola su tuɓe riga don a bambanta su. Gola ya ce ba shi da lafiya, malamin ya ɗauka lalaci ne. Wani yaro ya fizge rigar ta baya, cikin wasa. Suka ga ta ciki, da maɓallanta. Yanzu ba mai ce masa Gola. Amarya suke ce masa, har yaran layinmu.

Da ƙirjin kaɗai suka gani, wataƙila da dariyar ta mutu a kwana biyu. Ɗinkina ne ya ba su abin waƙa.

Na je makarantar. Malamin ya ba da haƙuri har idonsa ya yi ja, an hukunta yara uku. Amma wa zai bi baki ɗari ya rufe? Kwana tara ke nan bai taka waje ba. In na ajiye abinci a ƙofa, rabi yake ci. Bai zarge ni ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Shekaranjiya ya fito ya zauna kusa da keke, ya ce in roƙe ka ya koma wurinka, inda ba wanda ya san shi. Na ce ɗaki ɗaya gare ka, kuma wuni kake a wurin aiki. Ya ce ya sani. Na ce wa zai kula da shi? Ya ce shi ba ya son a kula da shi, so yake a daina ganinsa.

Ban taɓa kwana ba tare da yaron nan a gida ba, amma na amince. Zan sa shi a motar safe ran Asabar, takardar canjin makaranta tana cikin jakarsa. Don Allah ka je tasha da kanka. Kada ka yi masa wasan dukan ƙirji irin wanda kuka saba. Kada ka tambaye shi komai. Ka karɓi jakar kawai, ku tafi.

Matarka,
Maman Gola