Sauko, Ba Sauke Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, shahon da ya yi sheƙa inda hannuna ba ya kaiwa. Zuwa ga Na-Sama, direban ƙugiyar ɗaga kaya da ta fi komai tsawo a garinmu,

Ina gaishe ka gaisuwar da ba ta gajiya da hawan tsani. Ina fata kana lafiya, kai da Inna da ƙannenka, ina kuma fata gwiwar nan taka ta hagu ta daina yi maka tsiya. Ni dai ina nan da rai, amma in na ce maka lafiya lau nake na yi ƙarya, ka kuwa san bakina bai iya ta ba. Kewarka ta kwanta mini a ƙirji kamar ruwan sama a kan rufin kankare, ba ya gudu, ba ya bushewa, sai ɗiga a hankali. Wayyo, yaya mutum zai yi da zuciyar da ta saba kallon sama?

Na sami aiki a nan irin wanda ka san ni da shi. Ina tsayawa a ƙasa da hular kwano da oba-oba, ina zama idon direban ƙugiya, ina faɗa masa ta cikin oba-obar ɗaga, juya, tsaya, sauke. Direban nan mutumin kirki ne, amma hannunsa da nauyi, yana dire kaya kamar mai fushi da ƙasa. Duk sanda bulo ya daki ƙasa sai na tuna hannunka.

Garin nan da Yaya ya kawo mu, duk abin da aka ba ka labari ba a ƙara gishiri ba. Tsakiyarsa benaye ne na gilashi kafaɗa da kafaɗa, kowanne yana son ya leƙa kan ɗan'uwansa. Rana ba ta taka titin da nake aiki sai ta zo tsaka, ta leƙo kamar baƙuwar da ba ta son zama, ta wuce. Umma tana can a ɗakin da Yaya ya kama mana a hawan sama, ta jingina keken ɗinkinta a kusurwa. Tsoron lifta take yi, ga ƙafa ba ta barin ta bin matakala, sai ta wuni a bakin taga tana cewa an kawo ta garin da ba shi da ƙasa.

In an tashi hutun rana, ma'aikata ba su da hira sai gardamar wane gari ya fi wane. 'Yan nan su ce nasu ne birni, sauran duk ƙauyuka ne masu fitilar titi. Waɗanda suka zo daga garin bakin teku su ce tsawo ba shi ne arziki ba, nasu gine-ginen gajeru ne masu faɗi, amma duk ƙarfen da ake taƙama da shi a nan ta tasharsu ya shigo. Daga nan sai wani birkila mai bakin tsiya ya juyo kaina ya ce, "Ke kuma 'yar garin tankin ruwa, me za ki ce?" A kwashe da dariya, ni kuwa in ci gaba da cin abincina. Ai ba ƙarya ya yi ba. Wanda ya hango garinmu daga nesa ba zai ga komai ba sai tankin ruwa, da bututun hayaƙin tsohuwar masaƙa, da agogon tashar jirgin ƙasa da ya daɗe da tsayawa, sai kuma ƙugiyarka a kan benen da kuke ginawa. Amma da za su tona zuciyata da sun ji amsa. A nan in na ɗaga kai gilashi nake gani, fuskata kawai yake mayar mini. A can in na ɗaga kai akwai mai kallona.

Ka tuna lokacin zafin nan da ya hana kowa sukuni? Ina zaune a kan bulo a filin da babu ko bishiya ɗaya, sai na ga wata siririyar inuwa ta taho tana rarrafe a ƙasa har ta tsaya a kaina. Kai ne ka juya hannun ƙugiya daga can cikin akurkin nan naka, ka daidaita shi da rana. Inuwar ba ta kai faɗin tabarma ba, duk ɓuli ce, amma wallahi ban taɓa shiga inuwar da ta kai ta sanyi ba! A ranar ka fara kirana Idona a oba-oba, ka manta kowa yana ji, kafintoci suka yi ta tsokanata har aka tashi.

Sai ga jan fenti, alamar rusau, a bangon layinmu. Aka ce tsakiyar gari za ta waye, za a yi otal da wurin ajiye motoci a inda shagon Umma yake. Katafila ba ta san wanda ya tsufa a wuri ba. Yaya ya ce mu tattara mu zo gunsa, na roƙe ka ka biyo mu, ka ce ba a barin gini ba kai, in yi haƙuri a kai rufi. Ni kuma da zuciyata mai saurin hawa na ce to ka auri ginin. Kaicon bakina!

Da safen da za mu tafi na roƙi direban motar kaya ya tsaya a ƙofar wurin aiki. Na shiga ba hula, ba rigar aiki, na karɓi oba-oba daga hannun wanda aka sa a gurbina. Ana iska, ga ɗaurin rodi yana lilo a bakin ƙugiyarka. Na haɗiye girman kaina na faɗi kalma ɗaya tak: sauko. So nake ka sauko mu ga juna ido da ido, ka ce mini in jira ka, ko da Yaya da ya zo ɗaukar mu zai yi ta danna ham. Sai na ga rodin nan ya taho a hankali, a hankali, ka dire shi a gabana ko ƙara bai yi ba. Na ce a raina, to, ga amsata, aiki ne gaba da ni. Na miƙa oba-oba na juya, ban waiwaya ba, don kada ma'aikata su ga hawayena. Ka yi ta kiran wayata ina kallo ina ƙin ɗagawa, har ka gaji ka daina. An ce girman kai rawanin tsiya, to ni na naɗa shi har da tuƙa hanci.

Shekaranjiya sai ga Kawu mai walda, dattijon nan da ke ce mana 'ya'yansa, ya zo neman aiki a nan. Da na kai masa ruwa ya dube ni ya girgiza kai ya ce, "'Yata, ai yaron nan 'sauke' ya ji. Iska ce ta cinye masa ƙarshen maganar. Yana jin muryarki ya ɗauka kin fasa tafiya kin dawo bakin aiki, shi ya sa ya ajiye miki rodin nan kamar mai ajiye ƙwai. Da ya hango kin nufi mota sai ya kashe inji ya kama tsani, da gwiwar nan tasa. Kafin ya taka ƙasa kun sha kwana. Sai ya je ya zauna a kan rodin."

Wayyo ni, wayyo mu! Ashe wasali ɗaya ne ya raba ni da kai? Ashe abin da na ɗauka wulaƙanci, kwalliya ce ka yi mini da hannunka? Ina laifin kunnenka, tunda duk tsawon aikinmu sauke nake ce maka safe da yamma, ban taɓa ce maka sauko ba sai ranar? Ni da nake taƙama ni ce idonka, ni ce na kasa ganinka a kan tsani. Tun da Kawu ya faɗa mini nake ta ganinka zaune a kan ƙarfe kana kallon ƙofa.

Kawu ya kuma faɗa mini abin da ya sa na ɗauki biro. Ya ce gini ya kai rufi, ƙarshen watan nan za a kwance ƙugiyar a kai ta garin bakin teku, kai ma ka ce za ka bi ta, wai ba abin da ya rage maka a garinmu. Ka san me nake yi in ruwa ya ɗauke, sama ta wanke? Hawa nake yi har ƙololuwar benen da muke ginawa in dubi gabas. Tankin ruwa ba ya ganuwa, agogo ba ya ganuwa, amma can a bakin sama akwai wani siririn abu kamar allurar Umma, na kuwa san kana cikinsa. Shi kaɗai ya rage mini na garinmu, tunda layinmu ya zama fili. In aka cire shi, ina zan duba?

Ba cewa nake ka bar sana'arka ba, ya hasken safiyata. A nan ƙugiyoyi sun fi direbobi yawa. In kuma bakin tekun ne rabonka, can ma ana neman mai tsayawa a ƙasa, garin masoyi kuwa ba ya nisa. Ni ban damu da wane gari ya fi wane tsawo ba, 'yan gardama su je su ƙarata. Abin da nake roƙo shi ne kada ka tafi da maganar da ban faɗa ba. Ka zo ka zauna da Yaya a ƙarasa zancen aurenmu da aka bari a rataye. Umma ta ce in gaya maka, in dai kai ne a ƙofa, za ta rufe ido ta shiga liftar nan ta tarye ka.

Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, ni kuma a ƙasan nake tsaye, ba zan gusa ba. Wayata tana hannuna, amma na ƙi faɗa maka wannan ta waya, don na daina yarda da duk maganar da iska za ta ɗauka. A takarda babu iska. Ka duba harafin ƙarshe da kyau, na danna biro a kansa har ya kusa huda takardar.

Sauko.

Taka ce ni, ko ka zo ko ka makara, muddin ina iya ɗaga kai,
Idonka na ƙasa